Tukunyarki Za Ta Tafi Bacirawa

Takarda ta fito daga hannun mijinki Isiyaku zuwa ga Kulu, uwar 'ya'yana, wadda ta riga mu komawa ga Ubangiji. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Haka malaminmu na ajin yamma ya koya mana buɗe wasiƙa. Ya ce a gabatar da gaisuwa kafin labari, ko da labarin gobara ne. To ni ba gobara na kawo miki ba. Bushara ce, sai kuma wata rigima da ta biyo bayanta, wadda na ɗaura ɗamarar ganin ƙarshenta.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Surukinmu Malam Nura, mijin autarmu, ya ce idan na gama zai saka ta a waya jama'a su karanta, na ce ya saka, ba abin ɓoyo a ciki. Amma da ke nake magana, domin abin da ya faru a gidan nan cikin kwanakin nan aikinki ne, ya faɗo a hannuna.

Bayan haka, Kulu, autarmu Bilkisu ta sauka lafiya. Mace aka samu. Ranar suna da liman ya ɗaga murya ya ce an samu Hauwa'u, sai na nemi dakalin ƙofar zaure na zauna. Sunanki ya dawo gidan nan. 'Ya'yanki ba mai iya kamawa, don haka Ummi ake ce mata. Ni kuwa idan ba kowa a kusa, nakan sunkuya in faɗa mata sunan gaba ɗaya a kunne, abin da ban taɓa yi miki ba kina raye.

Goshinki ne da ita, har da ɗaure fuskar nan da kike yi idan an tashe ki daga barcin rana. Ta kama yatsana ta ƙi saki. Na ce wa matan gida su zama shaida, yarinya ta zaɓi mijinta, samarin garin nan su nemi wata. Yaya Dije, babbar yayata, ta ce, "Allah Ya raba jikata da tsoho mai giɓi." Jikoki maza muna da su, kin bar wasu, wasu sun zo bayanki, kuma duk ina son su. Amma wannan daban ce. Shekaranjiya na je duba gero, sai na tsinci kaina a tsakiyar gona ina dariya ni kaɗai, har mai kiwon da ke wucewa ya tsaya yana tambayata ko lafiya.

Yanzu sai rigimar.

Haihuwar ta zo da wuri, makonni kafin lokacin da likita ya ɗiba. A asibitin birni aka yi ta. Da aka sallame su, Yaya Dije ta je da mota ta kwaso su zuwa nan, yadda aka saba a haihuwar fari, a yi wanka a gidan iyaye har a yi arba'in. Ta shiga ɗakinki ta mirgino tukunyarki ta ƙarfe, mai facin nan a gindi da maƙerin Bici ya like mana. Ta wanke ta, ta ɗora a kan duwatsun da kika kafa a bayan rumbu. Da na ga hayaƙi ya tashi daga wurin, na ji ƙamshin ganyen darbejiya yana tafasa, sai da na juya baya na ɗan lokaci. Babu macen da ta haihu a unguwar nan da ba ta sha zafin tukunyar nan daga hannunki ba. Taki 'yar ce kawai ba ki samu yi wa ba.

Washegarin suna na lura Auta ba ta cin abinci. An yi mata farfesun ƙauri, ta taɓa ta ture. Wayarta tana hannu, ta duba ta kife, ta sake dubawa. Yaya Dije ta ce haka masu haihuwar fari suke, zai wuce. Ni ban yarda ba. Sa'ar da na ci ita ce auta ce ba 'yar fari ba, babu kunya tsakanina da ita. Na same ta a gindin zogalenki, na ce ta gaya mini. Ta kife wayar, sannan ta ce, "Baba, shukata ce za ta mutu."

Dole in yi miki bayanin shukar nan, domin kin tafi tana kammala digiri na farko, yanzu kuwa na uku take nema. Zan faɗa miki yadda na fahimta, in na yi kuskure ita ta gyara.

Ta ce jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne masu rai, jere kamar saƙar zuma, ido ba ya ganin ɗaya. Kowace ƙwaya tana numfashi. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wani sashe da ake kira oksijin, shi jini yake ɗauka ya raba musu gida-gida. Kin tuna ɗan abin nan da suke maƙala miki a yatsa a asibiti? Shi labarin jini kawai yake bayarwa. Kamar mutum ne ya tsaya a kasuwar Makoɗa ya ga buhuna ya ce akwai hatsi a ƙasar nan. Gaskiya ya faɗa, amma bai san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. To Auta cikin gidajen take son leƙawa, ɗaya bayan ɗaya.

Wata irin ƙura take haɗawa, mai laushin da garin da aka tankaɗe ma tsakuwa ne a kanta. A cikin kowane ɓurɓushi tana ɗura rini iri biyu, kore da ja, sannan ta lulluɓe shi da wani abu don kada ya zama guba. Sai ta barbaɗa wa ƙwayoyin da take kiwo a cikin ɗan faranti, su da kansu su haɗiye. Idan ta haska su da wani shuɗin haske, sai ƙurar ta amsa daga ciki, yadda idon mage yake amsa tocila. Koren ba ya canzawa, shi ne ma'auni. Jan kuwa yana tashi yana sauka gwargwadon iskar da ke wurin. Da gwada su biyun take sanin yawan iskar da ke cikin ƙwaya, tana raye, ba a yanka ta ba.

Faɗarsa ba wuya. Yinsa ya ci mata shekaru. Haɗin farko kashe ƙwayoyin ya yi. Na biyu ya cure kamar gudajin tuwon sabuwar mai koyon tuƙi, suka ƙi haɗiya. Akwai lokacin da aka ɗauke wuta, inji ya ƙi tashi, akwatin da ke ɗumama su ya huce, kiwon watanni ya mutu a yini guda. Ta zo gida a rame, ta yi kwana biyu, ta koma. Sai bana Allah Ya ba ta haɗin da suka haɗiye suka rayu.

Farkon damina, tana da tsohon ciki, ta kai ni ɗakin gwajin nasu. Aka sa mini farar riga a kan babbar rigata, aka sa mini safar hannu, aka ce kada in taɓa komai. Da kin gan ni, da sai an riƙe ki don dariya. Ta kashe fitilu ta kunna allon da ke haɗe da madubin ƙara girma. Kulu, na yi salati da ƙarfi har abokiyar aikinta ta firgita. Ƙwayoyin sun taru sun yi ɗan curi kamar na fura, wanda a zahiri bai kai ƙwayar gero ba, amma a allo ya cika ido. Gefensa kore ne da ɗan ja dishi-dishi. Tsakiyarsa kuwa ja zur, yana ci kamar garwashi.

Ni da gaggawata ban tsaya jin sauran bayani ba. Na dawo gida na wuce majalisa a ƙofar masallaci, na ce su matso in ba su ilimi. Na ce abin ba wuya, wutar maƙera ce: inda iska ta kai, nan yake yin ja. Kowa ya gyaɗa kai. Sule Maƙeri ya gyara zama ya ce, "Ashe sana'ata ake koyarwa a jami'a, ni ina nan ina shan hayaƙi."

Da Auta ta zo ganin gida labarin ya kai mata. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Baba, ka kifar mini da aiki." Ashe akasin haka ne. Iskar ita ke dusashe jan. Ƙwayar da take samun iska isasshiya, haskenta a kwance yake. Wadda ta fara shaƙewa ita ce ke yin ja zur. Tsakiyar curin nan da na yaba, ba lafiya ce ta sa shi haske ba, iska ce ba ta kai can.

Na koma majalisa na warware abin da na ƙulla, don ba zan bar ƙarya tana yawo da sunan 'yata ba. Sule ya ce, "Wace irin wuta ce iska ke kashewa? Malam Yaƙi, ko dai ajin yamman za ka koma?" Kin san tun da na shiga yaƙi da jahilci sunan nan ya bi ni. Na bar su suka yi dariyarsu.

Amma maganar ba ta bar ni ba. Ina noman gyaɗa tana juya mini a kai: abu ne da ba ya haske sai inda ake shan wuya. Ran nan ina tsaye riƙe da fartanya sai ƙafarki ta faɗo mini a rai.

Ɗan miki ne a ƙasan yatsa, kika ce ƙaya ce. Kina ɗingishi kina surfe, kina ɗingishi kina kai wa masu jego ruwa. Duk wanda ya tambaye ki, amsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Fatar waje ba ta nuna wani abin tsoro ba. Sai da muka je asibiti likita ya ce ciwon suga ya daɗe da toshe hanyoyin jini, naman ciki ya daɗe ba ya samun iska, yana mutuwa a hankali ba wanda ya sani. Auta tana tsaye a bayan kujerarki lokacin da ya faɗa. Ban taɓa tambayarta dalilin da ya sa ta zaɓi wannan karatu ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. A gonar gyaɗa na samu amsar.

Ta ja mini kunne, kuma zan rubuta a nan don masu karantawa. Ta ce, "Baba, kada ka je ka ce na gano magani." Ba magani ba ne, ma'auni ne. Ba a jikin mutum take gwadawa ba, a faranti ne. Ta ce mai yiwuwa a yi shekaru kafin wani marar lafiya ya amfana, mai yiwuwa kuma wasu ne za su ƙarasa ba ita ba. Na ce na ji. Ɗorawar da muke cin kalwarta ma ba mu muka shuka ba.

To ga inda gizo... a'a, bari in faɗa miki kai tsaye. Ta tsara aikinta ta gama awo kafin haihuwa, sai Ummi ta yi mata sammako. Curin ƙwayoyin nan suna can cikin akwatin ɗumi suna girma. Abokiyar aikinta tana sauya musu ruwan abinci, Allah Ya saka mata, amma awon sai hannun da ya haɗa ƙurar. Na tambaye ta ko ba a adana su a ƙanƙara, don na ji ana yi. Ta ce irin ake adanawa, amma waɗanda suka haɗiye ƙurar suka fara curewa ba a tsayar da su. Wannan ban buƙaci ƙarin bayani ba. Geron da ya tsiro ba ya komawa rumbu. Ga shi madubin da take awon da shi na aro ne, masu shi za su ɗauke abinsu ƙarshen damina. Idan ta zauna a nan har arba'in, curin zai girme awo ya ruɓe, madubin kuma ya tafi. Abin da take bukata ɗan lokaci ne da hantsi, wasu ranaku a mako. Likitarta ta ce za ta iya, muddin a zaune za ta yi, kuma ba za ta wahalar da kanta ba.

Ba ta roƙe ni komai ba, Kulu. Da ta gama ba ni labari sai ta share ido da gefen zane, ta gyara wa jaririya kwanciya, ta ce, "Ba komai, Baba. Da sauƙi."

Muryarki ce sak, Kulu.  Kalmar nan na taɓa yarda da ita sau ɗaya a gidan nan. Na miƙe daga gindin zogalen na san ba zan sake yarda da ita ba.

Malam Nura ba shi da bakin magana. Yaron kirki ne, yana son aikin matarsa, amma a gaban surukai sai sunkuyar da kai da murza hula. Maganar ta rage tsakanina da Yaya Dije.

Na roƙe ta ta bar Auta ta koma bakin aikinta, ta ce sam. Kada ki ga laifinta. Ta ce a gadon asibiti kika kama hannunta kika ce ga Auta nan, kuma ba za ta ci amanar mamaci ba. Ta lissafo mini matan da ta gani sun yi wasa da wanka suka kumbura. Ta ce, "Wasu ƙwari da ba a gani su ne za su fitar da mai ɗanyen jiki titi? In kiwo ne a kawo su nan, ga akurki." Sannan ta faɗi wadda ta soke ni: "So kake a ce don ba ta da uwa aka yar da ita?"  Na tashi na fita.

Na je wurin liman. Ya ce zaman arba'in al'ada ce mai kyau, don hutun mai jego aka yi ta, amma ba farilla ba ce, in akwai larura ana fita. Na ce to ya zo ya faɗa wa Yaya. Ya kama gemu ya ce, "Malam Isiyaku, ni hukuncin littafi na sani. Hukuncin Dije sai Allah."

Na dawo mata da shawara. Na ce ba wanda ya ce a bar wanka. A ɗauki wankan a kai shi Bacirawa a Kano, gidan mijinta, inda jami'a ba ta da nisa. A yi na safe, ta je ta duba shukarta ta dawo, a yi na yamma. Ta ce tukunyar Kulu ba ta taɓa barin garin nan ba. Ta ce ita ba za ta je inda ake sayen ruwa a jarka ana girki da gas ba. Ta ce maganar ta ƙare, ta juya mini baya ta ci gaba da iza wuta.

Kin san Yaya ta goya ni. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, kuma ban fara a kan wannan ba.

Jiya da aka gama wankan safe, na jira tukunya ta huce. Na tuntsurar da sauran ruwan, na mirgina ta har zaure. Na ɗauki ƙugiya na je bakin hanya na sassabo darbejiya. Na ɗaure itacen da na busar a rumfa tun kafin ruwa ya sauka, dami-dami. Na aika wa direban bas ɗin da ke zuwa Kano cewa gobe akwai kaya. Yaya Dije ta fito ta tarar da ni ina ɗaure murfin tukunya da igiya. Ta ce me nake yi. Na ce Bacirawa za ni. Na ce zan kafa duwatsu a ƙofar gidan Malam Nura in riƙa dafa ruwan da kaina safe da yamma, a nemi wata dattijuwa a maƙwabta ta riƙa yi mata wankan. Na ce shekara da shekaru ina kallon Kulu tana haɗa wutar nan, na san yadda ake yi.

Kafin a jima zaure ya cika. Mata suna leƙe ta katanga, 'yan majalisa sun taso. Sule ya ce, "Jama'a ku zo ku gani, Malam Yaƙi ya zama ungozoma!" Wani ya ce a nemo mini zane da ɗankwali. Na ci gaba da ɗaurina.

Kulu, ba barazana na yi ba, Allah Ya sani da gaske nake. Na taɓa zama a bencin yara da furfura a gemuna ina koyon a, ba, ca, ana leƙowa ta taga ana dariya. Ranar da na ce zan daina, ke kika ajiye mini tuwo a gefen murhu kika ce, "Ka koma. In sun gama dariyar, kai za su kawo wa takardar asibiti ka karanta musu." Haka kuwa aka yi, har da Sulen. Wanda ya sha wannan, dafa ruwa a titi ba zai kashe shi ba.

Yaya Dije ta riƙe ƙugu. Ta dubi tukunya, ta dubi mutanen da ke dariya, ta dube ni. Sai ta taho ta dafe bakin tukunyar da hannu biyu. Ta ce, "Ina raye ƙanena zai hura wutar jego a titin Kano? Sakar mini tukunya." Na saki. Ta ɗaga ganyen da na yanko ta jefar gefe, ta ce duk tsofaffi ne, ko akuya ba za a yi wa wanka da su ba. Sannan ta juya kan 'yan majalisa ta tambaye su ko a nan aka binne cibiyarsu. Zaure ya watse.

Ta kafa sharuɗɗanta. Ita za ta je da kanta. Wanka ba fashi, ko sama za ta faɗo. Duk ranar da Auta za ta jami'a, ƙafarta ƙafarta, za ta zauna a bakin ƙofa da Ummi a cinya, da ta ji kuka ta buga musu ƙofa. Kuma sai an nuna mata ƙwarin nan da idonta, ta ga abin da ya fi ta daraja. Auta ma ta kawo nata: ruwan kada ya zama mai salɓe fata, kanwar kunu kuma a rage, haka likita ta ce. A kan wannan har yanzu suna fafatawa, ni kuwa na janye jikina, wanda na ci ya ishe ni.

Auta ba ta ce mini ta gode ba. Da azahar na leƙa na tarar ta jawo kwanon ƙaurin nan ta cinye tas, tana siɗe yatsa. Wannan ya fi mini godiya.

Yanzu hantsi ne, ina zaune a zaure ina rubuta miki wannan. An ɗora tukunyarki a saman bas an ɗaure, facin gindinta yana kallon sama. Yaya Dije ta kame kujerar gaba tun kafin direba ya gama ɗora kaya, da ƙullin yajinta a cinya, tana faɗa masa ramukan da zai kauce wa. A bayan rumbu duwatsu uku ne kawai da toka. Idan an ce miki tukunyarki ta bar gari, ni na ɗora ta, kuma na san da kina nan da kanki za ki ɗaura igiyar.

Ni ba zan bi su yau ba, gyaɗa tana jiran noma na biyu. Amma duk ranar kasuwa zan sassabo ganye, ɗanye shar irin wanda Yaya take so, in ɗaure itace, in hau mota in kai da hannuna har a yi arba'in. Wanda zai yi dariya ya tanadi haƙoransa. Ban sani ba ko shukar Auta za ta kai. Abokiyar aikinta ta bugo da safe ta ce suna nan da rai, suna jira. Ko ta kai ko ba ta kai ba, ba za a ce ta mutu ne don an rasa mai ɗaukar tukunya ba. In ta mutu, za ta sake shukawa, ni kuma in sake yanko ganye.

Saura magana ɗaya, tawa ce. Tun da kika tafi, duk wanda ya tambaye ni yaya haƙuri, nakan ce da sauƙi. Daga bakinki na koya. To yau na daina. Ba sauƙi, Kulu. Ɗakinki ya yi mini girma, tuwon kowa ba ya yi mini daɗi, kuma ranar sunan nan na yi ta waiwaye ina neman wadda zan ce wa dubi goshinta. Na faɗa, kuma na ji nauyin ya ragu.

Ga direba yana danna ham. Bari in je in karɓi matata Ummi in yi mata sallama kafin Yaya ta hana.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya yalwata makwancinki Ya cika shi da haske. Ruwan da kika dafa wa 'ya'yan mutane, Allah Ya sa ya zama sanyi a gare ki. Allah Ya raya takwararki a kan imani, Ya ba ta zuciyarki, amma Ya ba ta bakin faɗin inda ke yi mata ciwo. Allah Ya ƙarfafa jikin Auta, Ya sa albarka a aikin hannunta, Ya amfanar da bayinsa da shi ko bayan ba mu. Allah Ya ƙara wa Yaya Dije lafiya da haƙuri da mu. Idan tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da kyau, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Ni ne mijinki,
Isiyaku, wanda har yanzu ake kira Malam Yaƙi.